Jam'iyyarmu ta rabu gida biyu: Santsi da Taɓo ne suka dawo?

"Assalamu alaikum Baba Malam. Ni matashi ne daga Rigasa. Shekara huɗu ke nan ina cikin wata jam'iyya, kuma ni ne sakataren matasa a mazaɓarmu. Yanzu mun rabu gida biyu. Wasu sun ce mu tsaya kan talaka, mu fito fili mu soki cire tallafin mai da tsadar kuɗin makaranta ko da manyanmu ba su so. Wasu sun ce siyasa ba a yin ta da fatar baki, dole a tafi da 'yan kasuwa da sarakuna da masu hannu da shuni, a ci zaɓe tukuna. Waɗancan suna kiran waɗannan 'yan kwangila, waɗannan suna kiran waɗancan masu tayar da zaune tsaye. Wani malaminmu ya ce wannan shi ne hagu da dama, kakana kuma ya ce Santsi da Taɓo ne suka dawo. Mene ne gaskiyar abin? Kuma in zauna ne ko in fita?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Allah ya yi maka albarka, ya ƙara wa kakanka lafiya. Idan na fahimce ka, kana son ka san ko wannan ja-in-ja na mazaɓarku shi ne abin da ake kira hagu da dama, ko ya yi kama da abin da ya raba jam'iyyar PRP gida biyu, Santsi da Taɓo, a jamhuriya ta biyu, sannan ko zamanka a ciki yana da amfani. Zan fi daɗewa a kan maganar PRP, domin a gabana aka yi ta. Lokacin ina ƙaramin malamin firamare a Tudun Wada, kuma ni ke riƙe da littafin taron mazaɓarmu, ina rubuta wanda ya zo da abin da aka yanke. Daga baya na koyar da darasin gwamnati a sakandare har na yi ritaya, kuma a shekarun nan an sha saka ni cikin kwamitin sulhu idan 'yan jam'iyya sun saɓa.

Daga ina hagu da dama suka fito

Kalmomin baƙi ne a wurinmu. A majalisar Faransa ta 1789, lokacin juyin juya hali, masu son a bar wa sarki ƙarfinsa sun zauna a hannun daman shugaban majalisa, masu son a rage masa ƙarfi suka zauna a hagunsa. Daga wurin zama sai sunan ya bi ra'ayi. Yau idan an ce hagu ana nufin masu son gwamnati ta sa hannu sosai cikin tattalin arziki, ta ɗauki nauyin ilimi da magani, ta tsaya wa ma'aikaci da manomi, ta rage tazarar da ke tsakanin mai shi da marar shi. Idan an ce dama ana nufin masu son a bar kasuwa ta yi halinta, a kare dukiyar mai dukiya, a girmama sarauta da al'ada, sauyi kuma idan zai zo ya zo a sannu.

Ni ban cika son amfani da su a taron Hausawa ba. A kunnen Bahaushe hagu ba ta da daɗin ji: ba a cin abinci da ita, ba a miƙa wa babba abu da ita, kuma idan an ce mutum yana da bahagon ra'ayi ba yabonsa aka yi ba. Kana cewa wane ɗan hagu ne, ka riga ka kayar da shi kafin ya buɗe baki. Na fi son namu: masu ra'ayin sauyi da masu ra'ayin riƙau, ko 'yan mazan jiya.

Abin da ya sa ake samun su biyun a rumfa ɗaya ba ɓoyayye ba ne. Duk jam'iyyar da ke son ta ci zaɓe dole ta tara mutane fiye da waɗanda bakinsu ya zo ɗaya. Tsarin mulkinmu ma ya ƙara matsa wannan: mai neman shugaban ƙasa sai ya sami kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi, mai neman gwamna kuma haka a ƙananan hukumomin jiharsa. Shi ya sa a 1998 aka ga Abubakar Rimi, tsohon ɗan PRP, da Adamu Ciroma da Lawal Kaita, tsofaffin 'yan NPN, a ƙarƙashin lemar PDP. APC ma a 2013 haɗakar ACN ce da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA. Ko lokacin da Babangida ya ƙirƙiro jam'iyyu biyu a 1989, SDP wadda aka ce ta ɗan karkata hagu da NRC wadda aka ce ta ɗan karkata dama, kowacce ta sake haifar nata ɓangarorin a cikinta. Saboda haka samun masu zafi da masu sanyi a jam'iyya ɗaya ba cuta ba ce. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Cutar tana wurin yadda ake warware saɓanin, kuma nan ne labarin PRP yake da abin faɗa.

Abin da ya faru da PRP

PRP 'yar NEPU ce. An kafa NEPU a Kano a 1950, kuma mutanenta sun sha ɗauri da bulala a hannun En'e, hukumar gargajiya ta sarakuna, saboda takensu na Sawaba. Da sojoji suka ɗage haramcin siyasa a 1978, Malam Aminu Kano ya jagoranci PRP, alamarta makulli, takenta Nasara. A zaɓen 1979 ta ci gwamna biyu: Muhammadu Abubakar Rimi a Kano, da Abdulƙadir Balarabe Musa a tsohuwar jihar Kaduna, wadda a lokacin ta haɗa har da Katsina. Suna hawa suka soke haraji da jangali.

Ku yaran yanzu ba za ku san nauyin wannan ba. Akwai wani tsoho mai sayar da itace a layinmu, mutumin ƙauye ne da ke shigowa Kaduna cin rani. Takardar harajinsa kullum tana naɗe cikin leda a ƙarƙashin hularsa, domin idan aka tare ka babu ita, ka kwana a hannu. Washegarin sanarwar, a teburin mai shayi, ya cire hular ya warware ledar, ya riƙe takardar yana jujjuya ta, ya tambaye ni har sau uku ko da gaske ne ba za a sake tambayarsa ita ba. Da na tabbatar masa, bai yage ta ba. Ya mayar da ita cikin hula ya ce bari dai ya ga damina ta wuce. A wannan ranar babu Santsi babu Taɓo, dukanmu abu ɗaya ne.

Ɓarakar ta taso ne a kan tambaya ɗaya: da wa za a yi tafiya? Shehu Shagari na NPN ke mulkin ƙasa, NPN kuwa a idonmu magajiyar NPC ce, jam'iyyar sarakuna da attajirai. Gwamnonin adawa tara suka fara taro a tsakaninsu: biyar na UPN ta Awolowo, biyu na GNPP, wato Borno da Gongola, sai namu biyu. Uwar jam'iyya, ƙarƙashin Malam da babban sakatare S.G. Ikoku, ta ce gwamnoninta su daina halartar taron. Hujjarta ita ce PRP ƙarama ce, idan ta saki jiki da UPN za a haɗiye ta, kuma gwamna ba ya ƙulla ƙawance da yawun jam'iyya ba tare da izininta ba. Gwamnonin suka ƙi. Hujjarsu ita ce babban abokin hamayyar talaka NPN ce, duk mai yaƙar ta abokin tafiya ne, kuma suna zargin wasu na kusa da Malam da neman kusantar gwamnatin tarayya. A 1980 aka kore su daga jam'iyyar. Su ma suka kira nasu taron, suka ɗora Michael Imoudu, tsohon jagoran ma'aikatan jirgin ƙasa wanda ya ja ragamar yajin aikin 1945, a matsayin shugaba. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta amince da ɓangaren Malam. Sunayen kuwa daga baƙar magana suka fito: na Malam suka ce santsi ya kwashe gwamnoni, na gwamnoni suka ce ai ku kun maƙale a taɓo.

A littattafai za ka ga an ce Santsi su ne hagu, Taɓo su ne dama. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin Santsi ne ke da malaman jami'a masu karatun gurguzu, irin su Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya riƙe sakataren gwamnatin Kaduna, da Dakta Bala Muhammad, mai ba Rimi shawara kan siyasa. Amma duk wanda ya ce Malam Aminu ɗan mazan jiya ne ya zalunce shi. Mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana gaya wa talaka cewa shi ma mutum ne, ya rasu bai tara komai ba, ba a sa shi layi ɗaya da masu kare gata. Kuma mafi yawan 'yan Taɓo da na sani teloli ne da mahauta da 'yan koli da almajirai, talakawan asali. Abin da ya faru shi ne rigima uku suka cuɗe wuri guda. Akwai ta dabara, wato da wa za a haɗa kai. Akwai ta iko, wato wa ke gaba, jam'iyyar da ta tsayar da gwamna ko gwamnan da ke riƙe da baitulmali. Akwai kuma ta zuciya, tsakanin tsofaffin da suka sha wuya da 'yan bokon da suka zo daga baya da Turanci a baki. Ta farkon ana iya warware ta da ƙuri'a a babban taro cikin yini ɗaya. Ta biyu da ta ukun ne suka hana.

Na ga ta ukun da idona. A zauren wani tela muke taro, hoton Malam na rataye sama da keken ɗinki, fitilar ƙwai a tsakiya. Shugaban mazaɓarmu tsohon ɗan NEPU ne. Da gardama ta yi zafi wani dare, sai ya miƙe ya ɗage rigarsa ya juya mana baya, tabon bulala a jere tun na zamanin En'e. Ya ce, "Wannan don Malam na sha. Lokacin kuna ina?" Wani abokina, shi ma malamin makaranta, ya ce, "Baba, don Malam kuka sha ko don talaka?" Zauren ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar fitila. Tsohon ya saki rigarsa, ya ɗauki butarsa ya fita. Mako mai zuwa taro biyu aka yi a unguwa ɗaya.

Ni Santsi na bi, kuma littafin taro yana hannuna. Mutanenmu suka ce in soke sunayen waɗanda suka bi Taɓo, na sa biro na ja layi a kan sunan tsohon nan, da na telan da ya ba mu zaurensa, da na wasu da muka yi dare muna manna fasta tare. Har yau ina ganin gwamnonin suna da gaskiya da suka ƙi kusantar NPN. Amma jan layin nan kuskure ne, kuma da hannuna na yi shi. Tambayar abokina ma daidai ce, sai dai ba a gaban jama'a ake yi wa mai tabon bulala irinta ba.

Abin da Kaduna ta biya

Mu a Kaduna ɓarakar ta same mu a mummunan lokaci. Balarabe Musa ya ci gwamna, amma a majalisar dokoki mai kujeru 99 NPN na da sama da 60, PRP ba ta kai 20 ba. Ya ƙi saka 'yan NPN cikin kwamishinoninsa, majalisa kuma ta yi ta watsi da sunayen da ya aika, har ya yi mulkinsa gaba ɗaya ba kwamishina. Ranar 23 ga Yuni, 1981 aka tsige shi, gwamna na farko da aka taɓa tsigewa a Najeriya, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. Ba zan ce rabuwarmu ce ta tsige shi ba. Lissafin kujeru ne ya tsige shi, ko da kanmu a haɗe yake ba mu da yawan da za mu hana. Amma mutumin da uwar jam'iyyarsa ta riga ta kora ya fi sauƙin taɓawa, kuma ranar da ya kamata mu cika titin Lugard Hall, inda majalisar ke zama, da murya ɗaya, rabinmu ba ya magana da rabi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ko a cikinmu 'yan Santsi an yi irin gardamarku. Wasu sun ce ya ba NPN kujera biyu ko uku a wuce wurin, a samu a yi wa talaka aiki shekara huɗu. Wasu sun ce idan ya ba su, me ya bambanta shi da wanda ya kayar? Na yi shekaru ina juya wannan a raina. Tsayuwarsa ta bar mana misalin da har ya rasu ranar 11 ga Nuwamba, 2020 ba a daina ambato ba, kuma ƙasar nan tana da ƙarancin irin wannan misali. Sai dai manomin Funtuwa da ma'aikacin masaƙa na Kakuri sun zaɓe shi ne ya yi masu shekara huɗu, bai cika biyu ba. Duka biyun gaskiya ne, kuma ba na jin ɗaya tana share ɗaya.

Sauran labarin gajere ne. Ranar 10 ga Yuli, 1981 aka yi tarzoma a Kano bayan takardar tuhumar da gwamnatin Rimi ta aika wa Sarki Ado Bayero, aka kashe Dakta Bala Muhammad. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983. Rimi ya koma NPP ya tsaya takara, Sabo Bakin Zuwo na Taɓo ya kayar da shi. Kaduna ta koma hannun Lawal Kaita na NPN. Ranar 31 ga Disamba sojoji suka kwashe kowa da kowa.

Kada ka ɗauka halinmu ne mu kaɗai. Jam'iyyar Action Group ta tsage a 1962 tsakanin Awolowo mai kiran gurguzun dimokuraɗiyya da Akintola mai son a shirya da gwamnatin tarayya, har aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Yamma. A Ingila, a shekarar da aka tsige Balarabe, manyan 'yan jam'iyyar Leba huɗu masu sassauci suka fice suka kafa sabuwar jam'iyya domin suna ganin Leba ta yi nisa zuwa hagu. Margaret Thatcher ta lashe zaɓen 1983 da babban rinjaye, Leba ba ta sake ganin mulki ba sai 1997. Tsarin zaɓensu irin namu ne, wanda ya fi yawan ƙuri'a a mazaɓa shi ke ɗauke kujera, kuma irin wannan tsari ba ya yafe wa gidan da ya rabu.

Rigimar aƙida ce ko ta kujera?

Kafin ka ce rigimarku Santsi da Taɓo ce, sai ka auna ta. A kwamitin sulhu abin da nake fara yi shi ne in raba ɓangarorin ɗaki biyu, in ba kowa takarda, in ce su rubuta abu uku da za su yi idan aka ba su mulki waɗanda ɗaya ɓangaren ba zai yi ba. Sau da yawa takardun kan dawo iri ɗaya, ko su dawo babu komai sai sunayen mutane. A wata ƙaramar hukuma mun yi kwana biyu muna jin kalmar adalci da kalmar talaka, da muka tona sai muka tarar jerin sunayen daliget ne kaɗai abin faɗan. Ina kuma tambayar mutum a keɓe: idan ubangidanka ya sauya ra'ayi gobe, kai fa? Wanda ya yi shiru ya riga ya ba ni amsa. Lokacin da wuta ke tashi ma yana nuna wani abu. Rigimar da ba ta farkawa sai an kusa zaɓen shugabanni ko zaɓen fitar da gwani, ta kujera ce ta ari rigar aƙida.

Akwai wani abu a tsarin mulki da ya kamata ka sani. Ɗan majalisar da ya sauya sheƙa yana rasa kujerarsa, sai idan jam'iyyarsa ta rabu ko ta haɗe da wata. Wannan ƙofa ta sa wani lokaci da gangan ake hura ɓaraka daga sama, domin wani ya samu hanyar fita da kujerarsa a hannu, ku kuma na ƙasa kuna ta ɓata da juna kuna zaton aƙida kuke karewa.

Amma daga yadda ka kawo maganar, taku tana da ƙashi a ciki. Cire tallafin mai da aka sanar ranar 29 ga Mayu, 2023 ba maganar fatar baki ba ce ga wanda ke hawa Keke Napep daga Rigasa zuwa kasuwa kullum. Masu cewa a yi magana suna da hujja: jam'iyyar da ta yi shiru a kan abin da ke ƙona mutanenta, ranar zaɓe ba ta da abin da za ta gaya masu sai taliya da atamfa. Ɗaya ɓangaren ma ba mahaukata ba ne. Jihar nan tana da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255, kowace mazaɓa da rumfunan zaɓe masu yawa, kowace rumfa tana buƙatar wakilin da zai ci abinci ya tsaya har a ƙirga a sa hannu. Wannan kuɗi ne, kuma dole wani ya fitar. Abin da nake gaya wa masu zafi kullum shi ne, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan attajiri ɗaya ke biyan hayar ofis da kujerun taro da man mota, kada ku yi mamaki idan ya hana ku magana. A zamaninmu katin jam'iyya saye ake yi, kuma a ƙarshen kowane taro ana zagayawa da hula, mai kobo goma ya jefa, mai naira ya jefa. Wannan hular ce ta ba tela bakin yi wa gwamna gyara. Idan kuna son murya, ku fara karo-karo ko na ɗari biyu ne a wata, a rubuta a karanta a gaban kowa.

Zama ko fita

Shawarata ka zauna, amma ba zaman ɗan kallo ba. A Najeriya har yanzu ba a tsayawa takara sai da jam'iyya, saboda haka fita na nufin shiga wata, kuma can ma za ka tarar da masu zafi da masu sanyi suna jiranka. Kai sakatare ne, alƙalami yana hannunka, ka yi amfani da shi fiye da yadda na yi. Ku rubuta matsayinku a kan tallafin mai da kuɗin makaranta a shafi ɗaya, da abin da kuke so jam'iyya ta faɗa da abin da kuke so ta yi, ku kawo shi taron mazaɓa a tattauna a kaɗa ƙuri'a. Idan kun yi rinjaye a aika sama da sunan mazaɓa. Idan an rinjaye ku, ka rubuta a littafi cewa mutum kaza sun ga kaza saboda kaza, ku bi abin da aka yanke, ku sake kawowa bayan wata uku. Mutum yana iya haƙuri da faɗuwa idan ya san an ji shi kuma ƙofa ba ta rufe ba. Abin da ba ya iya haƙuri da shi shi ne a ce masa ba ɗan gida ba ne.

Saboda haka ka yaƙi kora, ko da ɓangarenku ne ke da ƙarfin yin ta. Wanda ya saci kuɗin jam'iyya, ko ya kawo 'yan daba, ko aka kama shi yana yi wa wata jam'iyya aiki, wannan a hukunta shi bayan an saurare shi. Amma ra'ayi ba laifi ba ne. Ku kuma daina sunayen nan. Ɗan kwangila da mai tayar da zaune tsaye, da haka Santsi da Taɓo suka fara, a matsayin zolaya, kafin su zama katangar da ta hana maƙwabta zuwa sunan 'ya'yan juna. Maganar da ba a faɗa a taro ba kada a kai ta Facebook, domin abin da aka rubuta a can ba ya goguwa, kuma ranar sulhu shi ake fara buɗowa.

Akwai wani haɗari da ya keɓanci Kaduna, kuma shi na fi jin tsoro. A garin nan rigima takan fara da wani abu ta ƙare a addini ko ƙabila, ta koma wannan tsallaken kogi da wancan. Mun ga rikicin 2000, mun ga na 2011. Duk ranar da ka ji an fara cewa ɓangare kaza na masu addini kaza ne, ka taka birki ko da naku ne ke faɗa. Talakan Rigasa da talakan Sabon Tasha mai ɗaya suke saye a farashi ɗaya, kuma idan maganarku ta talaka ce da gaske, ya kamata a ga su biyun a cikinku.

Fita tana da lokacinta. Idan an daina kiran taro, ko ana kira amma an riga an rubuta sakamako a gidan wani, idan aka ce ka tara yara ka ba su ƙwaya da makami, ko ka sa hannu a takardar da ka san ƙarya ce, to babu sauran jam'iyya a wurin, sai ka ajiye masu littafinsu a gaban shaidu ka faɗi dalilinka ka tafi, ba zagi.

Ka riƙe cewa bakinka kaɗai na ji, ban zauna a taronku ba, kuma aikina a mazaɓa da ƙaramar hukuma ya tsaya. Sannan ni ɗan Santsi ne, duk yadda na yi ƙoƙarin adalci da idon Santsi na ga abin da na gani. Ka zaunar da kakanka ka tambaye shi wane ɓangare ya bi. Idan Taɓo ne, zai gaya maka yadda suka ji ranar da yaran da Malam ya ɗaga hannunsu a kan dandamali suka ƙi jin kiransa, kuma ya kamata ka ji wannan daga bakinsa. Ka gwada masu aikin takardun nan biyu a taronku na gaba, ka aiko mini da abin da kowane ɓangare ya rubuta mu duba tare. Ka gaishe mini da shi da kyau.